Sakatariyar Baba

Baba bai taɓa tambayar kowa ƙarfe nawa ba. Lokacin da yake da idonsa agogo ne ɗaure a hannunsa, irin wanda masaƙa ke ba ma'aikacin da ya daɗe. Da idon ya tafi, sai ya gwammace ya yi la'asar a makare da ya buɗe baki ya ce wa ɗayanmu a duba masa lokaci. Ni ce ƙaramar 'yarsa, ni na zauna da shi a gidanmu na Kakuri bayan rasuwar Mama, don haka wannan hali nasa na sha shi har na ƙoshi.

A sashen rini na masaƙa ya yi aikinsa. Sojoji suka koma bariki, muka yi ta murnar zaɓe, su kuma masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har tasu Baba ta bi sahu. Ba a jima ba idonsa ya fara dushewa, likita ya ce hawan jinin ido ne kuma an makara. Maƙwabtanmu da yawa sun riga sun kwashe kaya sun koma ƙetaren kogi bayan rikicin da aka yi a gari, Baba ya ce shi ba inda za shi. Masallacin layinmu ya rasa ladani, kiran salla kuwa sai in iska ta ga dama ta kawo mana shi daga nesa. Sai ya zama dattijo yana zaune a zaure da carbi, yana auna rana da zafin da ke taɓa ƙafarsa, in hadari ya haɗu kuma shi ke nan lissafi ya ɓace. In na ce, "Baba, azahar ta yi," sai ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

Ina koyarwa a wata firamare a Nasarawa. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini cewa wayoyin nan da ake shafawa suna iya magana in an kunna musu. Na saya masa wata 'yar ƙarama mai araha, na kunna. Muryar mace ce, da Turanci, ko'ina ka ɗora yatsa a kan gilashin ta gaya maka abin da ke wurin. Baba ya ce shirme ne, ya ture ta gefe. Washegari na dawo daga makaranta na tarar da shi ya kara ta a kunne yana faɗa da ita.

Ya sha wahala kafin ya iya. Gilashi sumul ne, ba abin da yatsa zai kama. Sai na ɗiga masa ɗan gam a ƙasan gilashin daga tsakiya, ya bushe ya zama kamar ƙwayar gero, daga nan yatsansa ke tashi kuma nan yake komawa in ya ɓata. Turancinsa na masaƙa ne, amma ya ishe shi. Tana gaya masa lokaci, tana gaya masa mai kira, tana karanta masa saƙon tsofaffin abokan aikinsa in an sa ranar taro ko an yi rasuwa. Ya raɗa mata Sakatariya. In na shigo da zance sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Dakata, Sakatariya na magana." Na ji haushinta ba kaɗan ba, amma tun da ya makance ban ga ya yi tafiya da ƙirji a miƙe ba sai da ya same ta.

Yayata tana aure a bayan kasuwa. Mijinta yana da tebur a layin masu gyaran waya, ya kuma sa wa kansa suna Injiniya ba tare da kowa ya ba shi ba. Aikinsa shi ne abin da suke kira fulashin, wato a goge manhajar da ke tafiyar da waya a zuba mata wata ta kwamfuta. Ba laifi, yana da hannu. Ciwonsa shi ne gwaji. In ya tsinto wata sabuwar manhaja a intanet, wadda aka yi wa manyan wayoyi masu tsada, ba ya samun sukuni sai ya ga ko za ta tashi a kan ƙarama. A kan tasa wayar ba ya yi, Allah ya kiyaye. Ta mutane yake nema.

Ranar wata Juma'a ya zo gaida Baba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, murya can ƙasa-ƙasa. Wajen ladabin suruki babu wanda ya kai shi a duk Kakuri. Suna cikin gaisawa Sakatariya ta faɗi lokaci, sai na ga idonsa ya sauka a kanta bai ɗauke ba.

"Baba, ai wannan tana wahalar da ku da Turanci," in ji shi. "Akwai sabon sistem da ya fito, Hausa yake yi raɗau. In kun yarda na kai ta shago, gobe war haka da Hausa za ta gaishe ku."

Na ce, "Yaya, a bar ta haka, tana masa aiki."

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. "Ke, manya na magana." Sannan ya miƙa wayar da hannu biyu. Na san ba Hausar ce kaɗai ta ja shi ba. Mijin 'yarsa ya nemi abu gaba da gaba, Baba kuwa bai san yadda ake ce wa suruki a'a ba. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce maigidan yayarki.

Gobe ta zo ta wuce, wasu goben suka bi ta. Baba ya koma auna rana da ƙafa. Na je layin masu gyara na same shi, ya ce ana kan aiki. Na koma, ya ce netwok ne. Daga baya ya kawo ta da kansa, ya sake durƙusawa, ya ɗora ta a tafin Baba.

"An gama, Baba. Sai dai Hausar tana da nauyi, a hankali take sauka. Ku bar ta a caji, kada a matsa mata. Da kanta za ta yi magana."

Baba ya shafa wayar daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya sa na jona masa ita a soket ɗin da ke kusa da tabarmarsa. In an kawo wuta sai ya lalubi caja ya tabbatar tana ciki, in an ɗauke ya cire ya riƙe ta a cinya. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Da na gaji, wata rana na zare ta yana ƙailula, na hau keke zuwa Sabon Tasha. Akwai wani mai gyara ɗan kudu da malamanmu ke kai wa, kowa Oga yake ce masa. Ya jona ta a kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Madam, dis wan don dai. Ta mutu. Wa ya taɓa ta?"

Na ce wani ne. Ya buɗe bayanta ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai farce ba. Ya ce wannan shi ne furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar waya, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri da manhajar da aka ɗinka masa. Har wayoyi biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya kana iya buɗewa ka tarar ƙwaƙwalwarsu daban, shi ya sa ake buɗewa a duba kafin a zuba komai. Wanda ya taɓa wannan bai duba ba. Ya ɗauko manhajar wani iri ya ɗura mata, ya haɗa har da ɗan abin da ke tashe ta in an kunna, ya goge.

Na ce, "To Hausar fa? An ce tana sauka."

Ya dube ni kamar na ba shi tausayi. "Wace Hausa, Madam? Babu abin da ke sauka. Ko wuta ba ta karɓa." Ya juya ta ya kai fitila kan fuskar. "Kuma wannan skirin ɗin ba nata ba ne. Mataccen skirin ne aka manna. An cire mai kyan."

Ban san yadda na iso Kakuri ba. Na tarar da Injiniya a teburinsa yana cin gyaɗa, abokan sana'arsa zagaye da shi. Na ajiye wayar a gabansa na maimaita masa duk abin da Oga ya faɗa, da ƙarfi, don kowa ya ji. Ban ce masa Yaya ba. Bai ko motsa ba. Ya ce fulashin dama haka yake, wata ta tashi wata ta kwanta, kuma wayar Baba ƙarama ce ba ta iya ɗaukar sistem ɗin ba, laifin masu ƙera ta ne. Na ce to skirin ɗin fa?

"Wani kwastoma ya zo da tasa a fashe, ga mai kyau a ajiye ba ya aiki." Ya watsa gyaɗa a baki. "Tsakani da Allah, makaho me zai yi da skirin?"

Aka yi dariya. Ba duka ba, amma an yi. Wannan gilashin da yake magana a kai, shi ne Baba ya bi da yatsa lungu-lungu har ya haddace, ya fi kowane mai ido sanin sa. Na so in kifar da teburin. Abin da ya hana ni shi ne na san wa za a huce a kanta in an koma gida.

Ita kuwa Yaya, da na je mata, ko zama ba ta ba ni ba. Ta ce, "A kan waya kike so ki kashe mini aure? Ke da ba ki san zaman gidan miji ba. In kin gaya wa Baba, ban yafe miki ba." Na tsane ta a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma na ga yadda take waiwayar ƙofa tana magana.

Na mayar da wayar caji, ban gaya wa Baba ba. Da albashi ya shigo na sayo wata sabuwa, na kunna mata murya, na kai masa. Na ce, "Baba, ga wannan ku riƙa amfani da ita kafin waccan ta gama." Ya ɗora hannayensa a gwiwa bai miƙo ba.

"Ina da waya. Tana caji."

"Baba, ta daɗe fa."

"Maigidan yayarki ya ce a jira. In na karɓi wata, me na ce masa ke nan?"

Na yi magiya, na yi fushi, na ajiye ta a gefen tabarmarsa na tafi. Na dawo na tarar ya tura ta bakin ƙofa da sandarsa. Saƙonnin abokansa suka daina isowa. Wani amininsa na sashen rini ya rasu a Kakau, bai ji ba sai bayan an yi bakwai, shi ma a bakin mai kayan miya. Ranar bai ci abinci ba.

Injiniya bai fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba. Takalmi a waje, gwiwa a ƙasa. Kuma ba ya tashi sai ya tambaya, da wannan muryar tasa mai laushi, "Baba, Sakatariya ta fara magana kuwa?" Yana faɗa yana kallona, yana danne dariya. Baba ya ce, "Tukuna dai." Shi kuma ya ce, "Ai Hausa ce, sai haƙuri." Ina tsaye da kofin ruwan da na kawo masa, don baƙo ne kuma mijin Yaya, dole in ba shi ruwa.

Wata Juma'a da damina, bayan ya tafi, hadari ya rufe gari, babu rana ko ta shaida. Na shiga zaure ɗaukar kofi na ga Baba riƙe da wayar, babban yatsansa na kai da komo a ƙasan gilashin, daidai tsakiya. Na kasa daurewa. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in gaya muku a kan wayar nan."

"Ɗigon gam ɗin da kika sa mini," in ji shi, "tun ranar da ya dawo da ita babu shi."

Yatsansa ya tsaya a wurin, ya ƙara da cewa,

"Idona ne ya mutu, ba hannuna ba. Yayarki tana gidansa da 'ya'ya. Ki bar maganar a nan."

Ya lalubi caja ya zare, ya naɗe ta a jikin wayar a hankali, ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya ɗaga fuskarsa sama yana neman zafin rana, ya miƙa ƙafa wajen ƙofa, babu komai sai sanyin ruwan da ke shirin sauka. Ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuyar da kai, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Ke, ƙarfe nawa?"

La'asar ta riga ta wuce. Na gaya masa.