Ranar da Sista Rifkatu ta Miƙa Mini Makulli

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Sista Rifkatu. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su san ta ba, kuma ba laifinsu ba ne, domin ba ta taɓa riƙe wani babban muƙami ba. Unguwarzoma ce ta gwamnati, Kirista daga ƙasar Filato, wadda aka turo ƙaramin asibitin Bukkuyum a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Mijinta yana koyarwa a Anka, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a ƙarƙashinta, ina da aure da 'ya'ya biyu. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna aiki a ɗaki ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya.

Abin da mutanen garinmu suka fi tuna ta da shi shi ne motarta. Wata ƙaramar mota ce ƙirar Japan, fara, mai dogon baya, wadda ta saya a Gusau a hannun wani malamin gona da ya riga ya more ta. A wancan zamani motar Faransa ce mota a idon direbobinmu. Ta Japan kuwa gwangwani suke ce mata. Sukan ƙwanƙwasa ƙofarta da ɗan yatsa a tasha, su yi dariya, su ce damina ɗaya za ta yi a hanyoyinmu ta watse. Ga shi kuma mace ce a bakin sitiyari, abin da yawancin mutanen ƙauyukanmu ba su taɓa gani ba. Ranar kasuwa har tsayawa ake yi a kalle ta.

Ita ba ta musu da kowa. Ni ce dai ta taɓa ba ni labarin da ta karanta a wata mujalla, cewa kamfanin da ya ƙera motar da injin saƙa ya fara, kafin ya koma ƙera motoci, kuma bayan babban yaƙin duniya ƙasar tasu ta shiga ƙunci, ba wadatar ƙarfe, ba wadatar mai. Ta ce, “Mutanen da suka san rashi ne suka yi ta, A'i. Shi ya sa ba ta shan mai da yawa, kuma ba ta da wuyar sha'ani.” Lokaci ya gaskata ta. Da tsuke bakin aljihu ya zo a shekarun tamanin, kayan gyara suka yi wuya, manyan motocin da ake taƙama da su da yawa suka hau kan duwatsu a ƙofar gidaje, tata kuwa tana nan tana zirga-zirga. Mamman bakanike na Gummi, wanda da farko ya ƙi taɓa ta, daga baya shi ne yake cewa bai taɓa buɗe injin da aka shirya da hankali irin nata ba.

A shekararta ta biyu ta ce za ta koya mini tuƙi. Maigidana bai hana ba, Inna mahaifiyata ce ta ta da hankali. Ta ce, “Mi za ki yi da tuƙi, A'i? Wanga aikin maza na. Ita baƙuwa ta, ke kuwa nan anka haihe ki.” Da na kai wa Sista wannan magana, sai ta je da kanta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Inna, akwai ranar da hannuwana biyu za su kasance a kan mara lafiya. Ranar wa zai riƙe sitiyari?” Daga baya Inna ta ce Allah shi tsare. A filin ƙwallon makarantar firamare muka riƙa koyo bayan la'asar. Na iya tashi, na iya sa giya, na iya juyawa. Ta koya mini canza taya, da yadda ake cire filogi a goge. Amma ban taɓa fita da motar bayan gari ba.

Ranar da ta faɗa ta zo cikin marka. Da hantsi wani makiyayi mai suna Buba ya iso asibiti a kan keken aro, jiƙe da gumi, ya ce matarsa Dije tun jiya take naƙuda, abin ya ƙi. Rugarsu tana gaba da Nasarawa Burkullu, sai an bar babbar hanya an bi ta gonaki, an tsallake wata ƙorama. Sista ce ta tuƙa mu. Da muka zo ƙoramar ruwan bai wuce idon sawu ba, muka wuce ba tare da na ko lura ba.

Da ta duba Dije sai na ga fuskarta ta canza. Igiyar cibiya ce ta riga yaron saukowa, kuma in kansa ya danne ta, numfashinsa ya yanke ke nan. Maganin abin ɗaya ne: ta tokare yaron da hannunta, kada ta saki ko na ɗan lokaci, har a kai ga likitan da zai yi mata aikin tiyata a Gummi. Muka kwantar da kujerar baya, muka shimfiɗa tabarma, aka ɗauko Dije. Sista ta durƙusa a wajen ƙafafunta, Buba ya riƙe kwalbar ƙarin ruwa a sama. Sai ta ce da ni, “Makulli yana aljihun rigata. Ɗauka.”

Na ɗauka. Na san babu wani mai tuƙi sai ni.

Muna cikin ruga an yi ruwa a gabas, ba mu sani ba. Da muka dawo bakin ƙorama, ta zama ja, tana gudu, ta kai gwiwa. Na tsaya. Sista ba ta iya ɗago kai sosai, ta tambayi Buba zurfin, ya gaya mata. Ta ce, “Giya ɗaya. Ki taka totur daidai, kada ki ɗaga ƙafarki ko me kika ji. Ki dubi bishiyar can ta tsallake, kada ki dubi ruwan.”

Na shiga. Har tsakiya komai lafiya. Sai ruwan ya bugi gefen motar, na ji bayanta ya ɗan goce, Dije ta yi ƙara. Na dubi ruwan, ƙafata ta ɗaga da kanta. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Har yau ina jin muryarta a bayana, ba faɗa a ciki, ba gaggawa: “Bar makullin haka, za ki kashe batir. Buba, ba A'i kwalbar, ka je ka kira mutane.” Ya fita da gudu cikin gero. Na juya na riƙe kwalbar. Sista tana yi wa Dije magana a hankali da ɗan Fillancin da ta tsinta, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Manoma bakwai ko takwas suka zo daga wajen noma, suka ajiye fartanyu, suka shiga ruwa suka turo mu tudu. Na mayar wa Buba kwalbar, na buɗe gaban motar, na cire filogi ɗaya bayan ɗaya, na goge da ɗankwalina kamar yadda ta koya mini. Wani dattijo cikinsu yana cewa, “Yi a hankali, ɗiyata, Allah na nan.” Suka tura sau uku kafin ta tashi. Mun fi awa ɗaya a wurin. Daga nan har Gummi ban sake ɗaga ƙafa ba sai inda ya zama dole, kuma ban san lokacin da na koyi kauce wa ramuka ba.

Likita ya yi aiki. Dije ta rayu. Yaron, namiji, bai zo da rai ba.

Da la'asar na sami Sista zaune a kan dakalin asibiti. Hannunta na dama ya sanƙare, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa. Na zauna kusa da ita, na yi tambayar da take cin raina. Na ce, “Sista, da ban kashe motar ba, da ya rayu?”

Sai ta ce, “Ban sani ba, A'i. Da muka baro ruga ina jin bugun cibiyar a yatsuna, amma da rauni. A cikin ruwan nan ya tsaya. Wataƙila da mun wuce da ya kai, wataƙila da a hanya zai tsaya. Ba zan ce miki ‘ba komai’ ba, don ke ma ma'aikaciya ce, za ki gane ƙarya nake yi. Abin da na sani shi ne, da ba ki tuƙa ba, da yanzu gawa biyu ake wankewa a ruga.”

Na yi kuka sosai. A lokacin na ji haushinta, na so ta ce mini ƙaddara ce kawai ta rufe maganar, kamar yadda Buba ya faɗa da na je ba shi haƙuri. Shi kam cewa ya yi, “Malama, Allah ya ba mu, Allah ya karɓa. Ke kin yi iyakar yinki.” Na yarda da ƙaddara, ita ma ta yarda da ikon Allah a bisa addininta. Amma ta ƙi ta ɓoye mini nawa kason a ciki.

Kwana huɗu bayan haka za mu koma rugar, domin akwai yara masu ƙyanda da ta gani ranar. Na nufi kujerar gefe, sai ta riga ni zama. Ta ce hannunta bai warware ba. Na san ya warware, don da safe na ga tana yi wa wani ɗinki. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, “To sai mu zauna a nan, yaran su jira.” Muka zauna a cikin mota kamar minti goma, sannan na tayar. Da muka zo ƙoramar ruwan ya ragu, amma ba sosai ba. Na sa giya ɗaya, na dubi bishiyar, muka haye. Ba ta yaba mini ba. Ta ce dai in rage gudu, akwai awaki a gaba.

Bayan wannan na tuƙa motar nan shekara da shekaru, zuwa Zugu, zuwa Tungar Guru, zuwa rugagen da ba su da suna a takarda. Na san kukanta in tana son mai, na san yadda sitiyarinta yake rawa in ta hau burji. Da Sista ta yi ritaya za ta koma gida, ta sayar da ita ga wani mai sayen hatsi a Gummi, ya cire kujerun baya ya riƙa loda buhuna. Ban san inda ta ƙare ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina abin da Sista za ta ce da ta ga yau. Motocin da aka yi wa dariya a tasha su ne suka cika hanyoyi, har direbobi ba sa son jin sunan wata. Na tabbata wannan zai sa ta murmushi. Amma hanyoyin da muka bi mu biyu, mata, ba rakiya, ba tsoron komai sai ruwa da rami, yanzu namiji mai ƙarfi ma sai ya tambaya kafin ya bi, saboda 'yan bindiga. Mai naƙuda a Zugu a kan babur ake ɗauko ta, a tsakanin mutum biyu, in an sami wanda ya yarda ya fito. Rugar su Dije ta tashi tuntuni, ban san ko tana raye ba. Sista ta riga ta rasu kafin gubar dalma ta kwashe yara a ƙauyukan da muka yi wa rigakafi, kuma wani lokaci nakan gode wa Allah da bai nuna mata ba. Ma'aikata baƙi irinta, waɗanda suka bar garuruwansu suka zo suka zauna da mu, kaɗan ne suka rage. Ba na jin za ta tsaya dogon sharhi a kan wannan. Tambaya za ta yi: wace hanya ce a buɗe yau, kuma wa zai je?

Na je jana'izarta a ƙauyensu, cikin duwatsu. Na zauna a wajen coci tare da wasu mata har aka gama, 'ya'yanta suka zo suka durƙusa suka gaishe ni da sunan da uwarsu take kirana. Suna ƙanana suka bar Bukkuyum, ba su san rabin abin da ta yi a can ba, kuma ranar ban iya ba su labari ba.

In na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa a ido. Hotuna biyu ne a wurina, ɗaya ma ya dushe. Asibitin an sake masa gini, ma'aikatan yanzu ba su taɓa jin sunanta ba. Sai dai na yi shekara ashirin da wani abu ina karɓar haihuwa bayan tafiyarta, 'yan mata da yawa sun koyi aiki a hannuna, wasunsu su ne suke riƙe da ɗakunan haihuwa a ƙauyukan nan a wannan mawuyacin lokaci. Sun yi kuskure a gabana, wani ƙarami, wani mai nauyi. Ban taɓa ce wa ɗayarsu “ba komai” ba alhali da komai, kuma ban taɓa barin ɗayarsu ta ajiye aikin saboda ta faɗi sau ɗaya ba. Suna cewa Hajiya A'i tana da tsauri amma ba ta yar da mutum. Ina so su sani, su da 'ya'yan Sista in wannan rubutu ya kai gare su, cewa wannan hali ba nawa ba ne. A wurinta na samo shi, kuma ban taɓa gode mata da bakina ba tana raye.