Jikar da Kaka Ba Ta Taɓa Zagi Ba

Har yau in aka ɗora zoɓo a wuta aka jefa masa citta da kanumfari, ƙamshin ba ya kai ni ko'ina sai tsakar gidanmu na Ƙofar Kibo, wata Juma'a bayan la'asar, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. A ranar na yi tafintar da ba zan manta ba a rayuwata, kuma ban yi kuskuren ko kalma ɗaya ba.

Sai kun san kakarmu kafin ku gane abin da ya faru. Ita ta haifi mahaifina, kuma ita ke riƙe da gidan tun rasuwar kakanmu. Gajeriya ce, haƙoranta jajaye da goro, kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta da mafici a hannu. Ba jikan da take kira da sunansa. Ni ce mai ƙafar zabuwa, wana kuwa kan ƙwarya. In ka je gaishe ta, sai ta tambaye ka wa ya ba ka izinin kawo mata wannan muni da sassafe. Kai kuma ka ce tsohuwa ta ƙi mutuwa tana cinye mana tuwo. Ta kai maka duka da mafici, sannan ta laluba ƙarƙashin tabarma ta miƙo maka ƙuli-ƙuli. Haka kaka ke wasa da jikanta. Baƙo kuwa, ko mai aiki, ko duk wanda take ganin bai kai ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya. Za ta gaishe shi a hankali, ta tambayi gajiyarsa, ta sa masa albarka. Mu 'yan gidan mun sani tun muna rarrafe cewa ladabinta katanga ne.

Ƙannen mahaifina biyu sun je karatu Ingila, bayan shekaru suka dawo lokaci guda, kowa da mata da 'ya. Ba a cikin birni suka zauna ba, an ba su gidajen ma'aikata a bayan ganuwa, amma duk Juma'a suna kawo iyalansu gaisuwa.

Matar babban ta fito ne daga Norway. Muna ce mata Baturiya. Ubanta masunci ne a wani ƙauyen bakin teku, ita kuma ba ta yi nisa a makaranta ba. Wanki da guga take yi a gidan kwanan ɗalibai lokacin da Baffa ya gan ta. Matar ƙaramin daga Jamaika take, baƙa ce wuluk, ta fi mahaifiyata duhu. Ubanta shugaban makaranta ne, ita kuwa ƙwararriyar ungozoma, ba ta yi wata guda da isowa ba ta kama aiki a asibiti. Muna ce mata Nas.

Kujera ɗaya ce a gidanmu a lokacin, kuma Baturiya ake fito wa da ita. Da wando take shigowa, ta miƙa wa tsofaffi hannu, wani lokaci ma na hagu, sai a ce ai ba ta sani ba. Nas ta musulunta tun a can, tana ɗaura zane ta yafa mayafi, tana durƙusawa har ƙasa. Amma in ta kuskure amsa gaisuwa, sai mata su kalli juna su ce baƙar fata kamar kowa tana yi mana iyayi. Danginsu ma an auna su. Na Baturiya suna aiko da kwali cike da cakulan da rigunan sanyi da wani busasshen kifi mai taurin icce. Nas kuwa ita ke aika wa uwarta da ƙannenta daga albashinta. Matan gidan suka yanke hukunci a taƙaice: dangin waccan masu bayarwa ne, dangin wannan masu karɓa.

Ni kaɗai ce mace a gidan da ta kai aji shida, saboda haka in maza suka koma zaure, ni ke zama tsakanin Kaka da surukanta ina juya magana. Muƙamin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Ranar da nake ba ku labari, zafin bazara ne, mahaifiyata ta dafa zoɓo ta sanyaya shi a randa. Nas ta kurɓa sau ɗaya, ta tsaya, ta sake kurɓa, sai na ga idonta ya cika da hawaye. Ta ce in faɗa wa Kaka wannan abin sha shi kakarta ke dafa musu a ƙarshen shekara, da cittarsa da komai. Ta ce mutanensu daga wannan nahiya aka kwashe su a jiragen ruwa aka kai su noman rake, sun rasa harshensu da sunayensu, amma ga shi ba su rasa wannan ba. Ta ce tun da ta sauka a ƙasar nan take jin ta dawo gida, yau kuwa ta tabbatar. Tana magana tana dafe da ƙirjinta. Kyauta ce take miƙa wa Kaka, mafi tsadar abin da ta zo da shi.

Na juya maganar tsaf. Kaka ta daina kaɗa mafici.

"Tambaye ta, kwashe su aka yi, ko sayar da su aka yi?"

Na tambaya. Nas ta ce sayar da su aka yi.

"Allah sarki," in ji Kaka. Ta sa aka ƙara mata zoɓo.

Don kada a bar Baturiya a baya, aka tambayi nata asalin. Ta yi dariya ta ce ubanta da kakanta duk warin kifi suke yi. A birnin Zariya masunci ba wanda ake kai wa 'ya ba ne da sauri, amma Kaka ta ce ai sana'a ce, aka wuce wurin.

Bayan sun tafi mahaifiyata ta murɗe mini kunne a ɗaki, ta ce ba duk abin da aka faɗa ake maimaitawa ba. Ita ta bayyana mini abin da Kaka ta ji. Gidanmu yana da rinji a bayan gari, wato gonar da bayin kakanninmu suka zauna. Jikokinsu suna can har lokacin, 'yantattu ne, suna noma nasu, amma washegarin Babbar Sallah sukan zo gaisuwa a ba su nama da zannuwa. A wurin Kaka duniya kashi biyu ce, waɗanda suka sayar da waɗanda aka sayar. Nas ta faɗi ɓangarenta da bakinta.

Ba a kori kowa ba, ba a kuma faɗi wata baƙar magana ba. Abin da ya sauya guda ɗaya ne. 'Yar Baturiya, wadda ko gaisuwa ba ta iya ba, ta samu suna: mai idon mage, wainar da ba a gama toyawa ba. Kaka na jan gashinta tana tambaya ko igiyar rama ce. 'Yar Nas kuwa, mai shekara tara, sai ta zama "'yar nan". Sannu 'yar nan. Ina gajiya 'yar nan. Allah ya yi miki albarka.

Nas ta fahimci abin a juye. Ta ga ana zagin 'yar Baturiya ana lallaɓa tata, sai ta ɗauka tata ce 'yar lele. Har ta taɓa roƙona in gaya wa Kaka ta sassauta wa farar yarinyar, don ita ma jika ce, ba laifinta ba ne da ta zo da wannan fata. Na isar da saƙon. Matan gidan suka toshe baki da mayafi. Mijinta ya san komai, a gidan aka haife shi, amma bai bayyana mata ba.

'Yar Nas ce ta fara ganewa, domin ta riga uwarta jin Hausa. Kafin damina ta ƙare tana wasan gaɗa da mu, tana ciniki da mai gurasa. Ta lura cewa duk wanda aka zaga shi ake ba ƙuli-ƙulin ƙarƙashin tabarma, ita kuwa a faranti ake kawo mata nata kamar baƙuwa. Wata rana ta ja ni bayan rumbu ta ce in koya mata abin da muke ce wa Kaka. Na koya mata. Ta je ta tsaya a gabanta, ta ce tsohuwa ta ƙi mutuwa tana cinye mana tuwo.

"Haka ne, 'yar nan," in ji Kaka. "Ki yi mini addu'ar cikawa da imani."

Daga nan ta shiga neman zagi kamar mai neman abin da ya ɓace. Ta ɓoye takalmin Kaka a cikin turmi. Ta cinye mata goro ɗanye har ta yi amai. Ta kwance akuya ta shiga ɗakinta ta ci garin tuwo. Da ni na yi ko wanne daga cikin waɗannan, da na kwana da shatar mafici a bayana. Ita kuwa amsa ɗaya take samu: ba komai. Tana zuwa wurina tana tambaya me ya rage ta yi. Na san amsar, na ce mata ta ƙara ƙoƙari. Gaskiya ita ce Hausarta ta fara isa ta yi wa uwarta tafinta, Turancinta kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na ga muƙamina yana zamewa, kuma ina jin daɗin kallon ta tana faɗuwa.

Washegarin Babbar Sallah mutanen rinji suka iso da hantsi, maza suka tsaya a zaure, mata suka shigo aka shimfiɗa musu tabarma kusa da turame, inda suka saba zama. Gidan duk ƙaurin soyayyen nama. Kaka ta fito da farin mayafinta na Makka, zannuwan rabo a jere a gefenta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa mai taushi, irin wadda yarinyar ta haddace. Na ga tana sauraro, tana kallon bakin Kaka, tana kallon matan.

Sai ta tashi ta ɗebo zoɓo cike da kofin silba, ta zo gaban Kaka. Ba tuntuɓe ta yi ba. A hankali ta karkata kofin, ja ya bazu a kan farin mayafin daga gwiwa har ƙasa, ba ta tsaya ba sai da ya ƙare. Ta rufe ido tana jira.

Kaka ta dubi mayafin. Sannan ta juyo kaina.

"Ke mai ƙafar zabuwa, 'yar banza, kina zaune da ido kamar na mujiya aka yi wannan?" Ta maka mini ƙotar mafici a goshi. Ta koma kan yarinyar, muryarta ta sauka. "Ba komai, 'yar nan. Bai dai ɓata miki kaya ba ko?" Ta zaro zane ɗaya daga cikin na rabo ta ɗora mata a hannu.

Goshina na zafi, kuma a gaban mutane aka doke ni a kan laifin wata. Na miƙe na faɗa mata da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ko gidan nan kika ƙona ba za ta zage ki ba. Jika ake zagi. Ke jikar bayi ce, uwarki ta faɗa da bakinta."

Na manta cewa ba ita kaɗai na faɗa wa ba. Matan rinji duk suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa a cikinsu, wadda ta goyi mahaifina yana jariri, ta matsa gefe ta buɗe wuri a kan tabarmarsu, ta dafa wurin da tafin hannu.

"Zo ki zauna, 'yata, rana na dukan ki."

Yarinyar ta tsaya da zane a hannu, tana duban tabarmar matan rinji da ta Kaka. Nas ta taso ta tambaye ni da Turanci me na ce. Na juya mata, wannan ma ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi zanen ta ninke shi da kyau ta ajiye a gaban tsohuwar rinjin, ta kama hannun 'yarta suka fita. Ranar ce kaɗai ta bar gidanmu ba ta durƙusa ba.

Ba wanda ya hukunta ni. Da yamma Kaka ta kira ni mai bakin reza, ta ba ni hanta.

Nas ta ci gaba da aikinta, kuma yara da yawa a unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Da ciwon ƙafa ya kwantar da Kaka, ita ke zuwa wanke mata gyambon, su gaisa cikin ladabi. Amma ba ta sake kawo 'yarta ba, daga baya ma ta tura ta karatu waje. Baturiya ta gaji da zafi ta koma ƙasarsu da tata 'yar, ba ta ko zo ta'aziyyar Kaka ba. Hoton 'yar Baturiyar a cikin dusar ƙanƙara yana nan rataye a ɗakin baƙi, ana nuna wa mutane ana cewa jininmu ce.

Yanzu an raba gidan an yi shaguna a gaba. Gari ya cinye rinjin, jikokin matan nan wasunsu malaman makaranta ne, ɗaya ma shi ke duba mini ido. Ba mai zuwa gaisuwar Sallah. Jikokina ma ba su san wasan ba, in na ce wa ɗayansu mummuna sai ya kai ƙarata wurin uwarsa.

Bara 'yar Nas ta zo Zariya duba kabarin mahaifinta, ta biyo ta gidan. Gashinta ya fara fari, Hausarta kuma tana nan. Na kawo mata zoɓo, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya ta ajiye. Ta tambayi gajiyata, ta tambayi yara, ta tambayi jiki. Na rasa ta inda zan fara, sai na yi dariya na ce, ke mummuna, sai yanzu kika tuna da mu?

Ta dube ni, ta ɗan yi murmushi.

"Ba komai, Hajiya," in ji ta. "Allah ya yi miki albarka."