Ranar da Na Saka Aksolotil a Firji

A shekarata ta biyu ina aiki a Alƙahira na sayi wata halitta wadda ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Lokacin sanyi ne, na shiga wani shagon kifin ado a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, don in ɓata lokaci, sai na hango ta a ƙasan akwatin gilashi. Fara ce mai ɗan ja-ja, da ƙafafu huɗu kamar ƙadangare, da wasu gashi uku-uku a kowane gefen kai. Mai shagon ya ce sunanta aksolotil, tana cin tana, kuma ba ta son zafi ko kaɗan. Na ce masa tamam, ba matsala. Ina sanye da rigar sanyi a lokacin, har na manta a wace ƙasa nake.

Da na isa gida a Giza, matata ta leƙa ta ce, "Maigida, wannan kifi ne ko tsaka?"

Na gyara tsayuwa na yi mata lacca da abin da na karanta a waya cikin mota, wai in ƙafarta ta guntule wata takan fito. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko ana ci.

Wata huɗu muna lafiya. Da zafi ya shigo sai halittar ta daina cin abinci. Na ɗauke fankar falo na juya mata, mu kuma muna zufa. Na riƙa jefa gorunan ƙanƙara a ruwan, ba ta sauya ba. Sai na karanta cewa masu kiwonta kan saka ta a firji na 'yan kwanaki. Na zuba ta a roba mai murfi, na ture tukunyar miyar kuka gefe, na ba ta wuri.

A kwana na biyu wata dattijuwa Bahausar Sudan daga unguwar Ard al-Liwa, wadda matata ke kira Hajiya, ta kawo mana ziyara. Gidanmu kamar nata ne, don haka da kanta ta je ɗebo ruwa. Na ji ta buɗe firjin, sannan ta rufe a hankali. Ta dawo hannu wofi ta yafuto ni baranda.

"Ɗana," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "in ƙarin girma kake nema a wurin aiki, ga addu'a nan. Wane boka ne ya ba ka wannan?"

Na rantse mata kiwo nake yi. Na nuna mata hotuna a waya, har da na Turawa riƙe da irinta. Ta ce ma'alish, ba komai, amma dai in riƙa yin azkar.

Halittar ta warke. Na mayar da akwatinta uwar ɗaka, inda na'urar sanyaya ɗaki ɗaya tak da muke da ita take, muka kwana tare da ita har ƙarshen bazara. Shekara uku ta yi a hannuna, kafin a yi mini canjin wurin aiki in bar wa wani maƙwabci. Hajiya ba ta fasa zuwa gidanmu ba, sai dai tun daga ranar da gorar ruwanta take zuwa.