Malam da Yoyon Ummi

Ku mutanen Basirka kun san Malam a kan tsani, yana rufin kwano yana zagin wanda ya riga shi taɓa aikin. Abin da ba ku sani ba, a shekarar da aka kawo mana Ummi yaye, in ya dawo daga sallar asuba ko gaisuwata ba ya amsawa. Katifa yake nufa, ya shafa da tafin hannu, ya kai hanci, ya girgiza kai ya ce, "Ruwa ba shi da laifi, mai aikin ne sakarai." Mai aikin kuwa ni ce.

Ummi jikarmu ce, uwarta Bilki tana aikin asibiti a Birnin Kudu. Sati biyu aka ce za ta yi. Washegarin zuwanta Malam ya tashi rigarsa sharkaf. Katifar nan shekara goma sha ɗaya bai yarda an cire mata leda ba, saboda haka fitsarin bai samu wurin shiga ba, sai ya gangara wajen wanda ya fi nauyi. Ya tsaya a tsakar gida yana ɗiga ya ce, "Shekara arba'in ban taɓa barin gida yana yoyo ba. Yarinyar nan ba inda za ta sai ta kwana uku a jere a bushe." Da Bilki ta ji a waya sai ta yi dariya. Ba ta san surukinta ba.

Ranar kasuwa ya hau babur zuwa Gwaram, ya dawo da famfas ƙato.

Na ce, "Malam, wannan ai ko ni zai shiga."

Ya ce, "Kuɗinsu ɗaya da ƙaramin. Wane wawa ne zai bar babba? Za ta girma ta cike shi."

Ta wajen cinya hannuna har wuyansa yake shigewa. Da ya ga haka sai ya yanko buhun taki ya ɗinka mata wando a kai, wai rufi biyu. Kwana uku yarinya ta feso da ƙuraje, tana tafiya a tattale. Na jefa wandon a murhu. Sai da ya yi min gaba ta yini guda, wai buhun sabo ne.

Yar da famfas ɗin kuma shi ne ya fi ci masa rai. "Abin da aka saya da kuɗi, kwana ɗaya a kai bola?" Ya tara guda huɗu ya jiƙa a bokiti zai wanke. Suka kumbura kamar mushen akuya. Ya kama ɗaya ya murɗe da ƙarfinsa, sai ji na yi fus! Farin abin cikin ya wanke masa gemu, kaji suka taho a guje, yana korarsu da takalmi. Ya ce, "Ke, kada wannan ya fita gidan nan." To, Malam, ka yafe ni, yau ya fita.

Wanda ban yafe da wuri ba shi ne na bulo. Na tashi wata safiya zanina jagab, shi kuwa yana ta murmushi. Na leƙa ƙarƙashin gado, ashe bulo biyu ya saka a ƙafafun gefensa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, aiki ya fara kyau."

Na ce, "Indararo ka mayar da ni?"

Ya ce, "Ai dole ruwa ya samu mafita."

Sati shida, Bilki ta gaji ta zo da kanta, idonta ja don kewar 'yarta. Ta durƙusa ta ce, "Baba, a ba ni izini in gwada." Ta ciro famfas daidai jikin yarinya, ta ɗaura, ta sa yatsa ta zaro 'yar tattarar bakin cinya waje. Ta ce a canza mata dab da barci, kunu kofi biyu da muke ba ta da dare a dawo da shi kafin magariba, kowa kuma ya daina ɗora leda. Malam ya kalli sama ya ce, "Abin da na shirya yi gobe ke nan."

Kwana ɗaya a bushe. Kwana biyu a bushe. Mutumin da ya kamata ya yi murna sai ya kasa cin tuwo. Safiya ta uku, ranar da Bilki za ta dawo ɗaukarta, na shigo ɗaki na tarar da shi da buta yana tsiyaya wa katifa ruwa.

"Malam!"

"Rufa min asiri, baiwar Allah. In ta tafi, wa zai ja min gemu?"

Bilki ta iso, ya nuna mata katifa yana ɓata rai. Ta taɓa famfas ta ji shi lafiya lau, ta kalli butar, ta kalle ni. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Lallai Baba akwai sauran aiki. A ƙara mata sati ɗaya." Wallahi har ƙofar gida ya raka ta yana sa mata albarka.

Daminar bara Malam ya rasu. Bulon nan suna nan, na kasa cirewa, kullum a gangare nake kwana ina kuka. Da aka kawo Ummi gaisuwa, ta shiga ɗaki ta shafa gefensa da tafin hannu, ta kai hanci, ta ce, "Iya, a bushe yake."

Allah ka jiƙan Malam, ka yafe masa rowarsa da taurin kansa, ka sa shi a inuwar da ba ta yoyo. Amin.