Malam Garzali da Dawowar Ruwa

Da asuba, kafin zafi ya taso, Malam Garzali yakan fito daga ɗakinsa a Al Wukair, wata unguwa a gefen Doha, da fulas ɗin shayi a hammata, ya hau motar ma'aikata zuwa filin jirgin sama na Hamad. Aikinsa ba irin wanda ake yi wa surukai alfahari da shi ba ne. Korar tsuntsaye yake yi. Yakan shiga wata 'yar mota mai fitila a ka, ya yi ta zagaya gefen titin da jirage ke sauka, in ya hango tsuntsaye sun taru ya kunna musu jiniya, ya tsaya har sai sun watse, don kada ɗaya ya faɗa injin jirgi. Duk wanda ya taɓa sauka Doha lafiya a cikinmu ya ci moriyar wannan jiniyar bai sani ba. Shekara goma sha wani abu ke nan yana wannan aiki, har kunnensa na hagu ya yi nauyi.

Ranar Asabar kuwa, idan sanyi ya shigo, sai ya tafi ba tsuntsayen haƙuri. Haka shi da kansa yake faɗa, yana dariya. Arewa da Doha, tafiyar kamar awa guda, akwai wani wuri da ake kira Al Thakira, inda teku ke shigowa cikin wasu gajerun itatuwa masu tsirowa a ruwan gishiri. Can yake zuwa, kuma ba shi kaɗai ba. Yakan tattaro mu, 'yan Arewa da aiki ya jefo nan: nas-nas, masu gyaran injina, likita ɗaya ko biyu, da ire-irena masu wuni gaban kwamfuta. Asabar ya zaɓa saboda ranar Juma'a 'yan'uwanmu Kirista suna coci a Mesaimeer, mu kuma muna masallaci.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane irin gajiyarmu ba. Daga ɗaki mai sanyi ka shiga mota mai sanyi, ka sauka a ofis mai sanyi, ka dawo ka kwanta waya na ringin daga gida. Mutum sai ya yi wata bai taka ƙasa ta gaskiya ba. Ni dai ranar da aka fara jan ni zuwa wurin, raina a ɓace na je, don barcin Asabar ɗin nan shi kaɗai na mallaka a garin nan. Na ce da Manasseh, abokina mai gyaran na'urorin asibiti da ya matsa mini, in kallon tsuntsu nake so ai ga tattabaru nan a bakin tagata.

Malam Garzali mutumin Nguru ne, cikin fadama ya tashi, ya san zalɓe da balbela tun yana bin mahaifinsa su. Amma ruwan da ya sani sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya cika da damina, ya yi watanni yana janyewa. Farkon zuwansa Al Thakira shi kaɗai ya je, ya tarar da fili fetal, taɓo sai ƙyalli yake, ya ce ashe nan ma rani ya kama su. Ya kutsa ciki abinsa. Da ya waiwayo, hanyar da ya biyo ta zama kogi. Da ruwa iya ƙugu ya fito, takalmi ɗaya ya bar wa teku. Wani tsohon masunci da ke gyaran raga ya yi dariya har da hawaye, sannan ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa ruwan nan tafiya yake ya dawo kowace rana, kuma ba ya sallama.

Tun daga ranar bai sake yarda wani ɗan Arewa ya shiga wurin shi kaɗai ba. Dokokinsa ba su da yawa. Waya ta zauna a aljihu, ba a zancen aiki, ba a zancen siyasar gida. In kuma ya ce ruwa ya juyo, khalas, magana ta ƙare, kowa ya kama hanya, ko da tsuntsun Aljanna ne ya sauka. Na ga ya dawo da wani babban likita da ke roƙon a ƙara masa minti biyu ya ɗauki hoto. Yana gaba kullum, da sanda a hannu da buhu a kafaɗa, yana tsince robobin da 'yan yawon shaƙatawa suka zubar. Mu kuwa muna baya muna karɓa-karɓa da tabaransa na hangen nesa, muna kallon filamingo, waɗannan dogayen masu ruwan hoda da ke cin abinci kai a kife.

Kai ne, Malam, ka tsaya wa Kaneng lokacin da babu wanda ya san abin da zai ce mata. Nas ce daga Jos, mahaifiyarta ta rasu tana bakin aiki, kafin a ba ta hutu an riga an yi jana'iza. Ta daina magana da kowa, aiki kawai da ɗaki. Manasseh ya kawo ta kusan dole. Ba ka yi mata wa'azi ba. Ka ce sannu 'yata, ka miƙa mata tabarau, ka nuna mata wani zalɓe da ke tsaye cikin ruwa, ka ce ta faɗa maka in ya motsa. Tana kallo barci ya ɗauke ta a zaune, jingine da wani dutse. Ka hana kowa tashinta. Ka sa wata 'yar'uwa ta zauna kusa da ita, ka sallami sauran, kai kuma ka tsaya kana gadin ruwa har ya kusa lasar takalminta. Daga baya ta gaya mini shi ne barcin kirki na farko da ta yi tun rasuwar.

Bana shekarunsa suka kai na ajiye aiki, kamfanin bai sabunta masa kwangila ba, gwiwa ma ta fara ƙi. Ƙarshen watan nan zai koma gida. Ba komawar ce ta dame shi ba, tafiyar Asabar ce. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai karɓa. Wannan ya ce aikin dare, wancan ya ce yara, ni na ce ciwon baya. Duk gaskiya muka faɗa, kowa a gajiye yake. Muka ce masa ai lokacin dawowar ruwa yana cikin waya, kowa zai iya dubawa. Ya ce haka ne, amma waya ba ta ɗaga kai ta duba bayan mutane. A lokacin na gane abin da idona ya daɗe yana gani ban lura ba. Duk shekarun nan, mu ke kallon tsuntsaye, shi ƙasa yake kallo.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce tasa ta ƙarshe. Muka yi tafiyar a hankali saboda gwiwarsa, har ƙarshen inda muka saba tsayawa. A nan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi tabaransa, ya zauna kan dutse, ya juya wa hanya baya, ya ƙura wa filamingo ido. Mu ma muka shagala, don sun zo da yawa ranar. Ni har na ji sanyi a tafin ƙafa, na ɗauka taɓo ne.

Kaneng ce ta yi magana, ita da ta taso kai tsaye daga aikin dare, idanunta jawur.

"Baba, ruwa ya juyo. Mu koma."

Bai sauke tabarau ba. Ya ce, "Na ji shi tun ɗazu, 'yata. Jira nake in ji ko zan tafi gida hankalina a kwance."

Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ba ta sandar da buhun, ya ce yalla, mu je, ta wuce gaba. Ta tsaya tana kallon sandar kamar za ta mayar masa. Ba ta mayar ba. Muka biyo ta a jere, ruwa na shafar idon sawunmu, shi kuwa yana can ƙarshen layi yana ta waiwayen tsuntsaye. Na ji kunya, na ji daɗi, kuma na ji kewarsa tun bai tafi ba.

Mun gode, Malam Garzali, mai gadin bayan mutane. Kai ne ka fitar da mu daga ɗakunan da muke ruɓewa a ciki, ka mayar da mu gida lafiya kowane mako, ba ka taɓa barin ko takalmin wani a taɓo ba sai naka. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwar nan, ya kai ka Nguru ka tarar da fadama cike, ka zauna ka yi kallon da muka hana ka.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Doha, na san kun gaji, ni ma na gaji. Amma Kaneng ta fi mu duka gajiya, kuma ita ta ɗauki sandar. Ku fito ranar Asabar. In kun zo, kada kowa ya rungume tabarau. Wani ya karɓi sandar nan ko na rabin awa ne, ya tsaya ya kalli ruwa, ita ma ta samu ta kalli tsuntsaye.