Sakamma Mai Fure da Kujerar Gefenta

Shekara talatin da biyu Sakamma ta yi tana kitsa fure a bakin gidan sinimar da ke bayan tashar mota a garin Mandya na ƙasar Indiya. Duk Juma'ar da sabon fim zai fito, samari masoyan jarumin sukan zo da sassafe su ɗauki sarƙar furen da ta yi kwana biyu tana haɗawa. Su hau katako su rataya wa ƙaton hotonsa, su kwarara masa madara a ka, ita kuwa tana ƙasa tana tsaki.

"Madarar da za ta ishi unguwa guda shan kofi! Allo ne fa, 'yan nan, ba ya jin ƙishirwa."

Amma ana buɗe ƙofa ƙarfe goma da rabi, sai ta bar wa maƙwabciyarta kwando, ta shige tare da mijinta Kempanna, direban a-daidaita-sahu. Layi na shida suke zama, ƙarƙashin fanka.

Ba a taɓa yin fim ɗin da ya tsira daga bakinta ba. Jarumi ya lakaɗa wa ƙarti ashirin duka, gashinsa ko motsi. Yarinya ta kwaɗa masa mari a tashar bas, kafin ka ɓare gyaɗa suna can suna rawa a kan ƙanƙarar wata ƙasa, shi da rigar sanyi, ita da sari shara-shara. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda saurayi zai yi ta bin 'yar mutane lungu-lungu, a ce wai soyayya ce.

"Ɗan wani ya bi jikata haka ya gani, da tsintsiya zan raka shi gida."

"To me ya kawo ki?" in ji Kempanna.

"Fanka."

Ƙarya take yi. In abokin jarumi ya sha mari ya yi juyi sau uku, dariyarta ake fara ji a duk zauren.

Bara ciwon suga ya tafi da idon Kempanna. Ya sayar da keken, ya koma zaman baranda, ya daina zancen fim gaba ɗaya. Sau ɗaya Sakamma ta shiga ita kaɗai, ta fito tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, don ta ga mutumin nan yana naɗe kansa kamar tabarmar da aka gama da ita. Ta sani in ya rasa Juma'a, babu sauran abin da zai fitar da shi daga gida.

Wata Juma'a ta tsaya a kansa da farar rigarsa a hannu.

"Maigida, tashi ka sa."

"In je in kalli me? Duhu? Akwai shi a nan kyauta."

"Ni zan riƙa gaya maka."

"Ke? Ki cika min kunne da suka?"

"To zauna. Amma tuwon tamba yau sai dai ka ji ƙamshin na maƙwabta."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya sa rigar.

Da aka kashe fitila ta matso da bakinta kunnensa. Ga kasuwa, ga wata baƙar mota, ga mugaye suna watsar da tumatirin wata tsohuwa. Kempanna yana saurare, kansa a sunkuye. Can sai ganga ta fara tashi a hankali.

"Takalmin jarumin suke nunawa ko?" in ji shi.

Ta duba. Takalmi ne kuwa, ya cika allon.

"Yanzu hannu da agogo," ya ce. "Yanzu zai cire tabarau."

Ya cusa yatsu biyu a baki ya zabga fito, daidai lokacin da fuskar ta bayyana. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, yagaggun takardu suna zubo musu a ka.

Daga nan aikin Sakamma ya ragu. Launin sari kawai yake tambaya, da ko yarinyar ta iya rawa.

"Uban yarinyar ne bos ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ji muryarsa mana. Mutumin kirki yana dariya haka?"

Bayan hutu, da labari ya fara jan ƙafa da koke-koken uwa, ya yi barcinsa na minti ashirin kamar yadda ya saba, ya farka a faɗan ƙarshe bai rasa komai ba. Sakamma ba ta ga faɗan nan sosai ba. Fuskarsa take kallo cikin hasken allon, daɗi ya cika mata ciki har ta goge ido da gefen sari.

A bakin ƙofa tsohon mai yagar tikiti ya tare su.

"Yaya Sakamma, yanke hukunci mu ji. Yaya fim?"

"Kai ma ka sani. Labarin nan dai guda ɗaya, tun muna amare. Ba kai, ba gindi, waƙa shida a inda biyu sun..."

Ta ji hannun Kempanna a kafaɗarta, yana buga kiɗan waƙar ƙarshe da yatsunsa. Ta gyara wuyan rigarsa.

"Ka dai gaya wa masu yin fim ɗin," ta ce wa mai tikitin, "kada su kuskura su canza ko ɗigo."