Murjanin Kaka Falmata

Lokacin sanyi a Gure, da an idar da sallar magariba, Kaka Falmata, mahaifiyar babana, takan hura wuta a tsakar gida mu zagaye ta. Tana da murjani bakwai a wuya, jajaye, sun sha hannu har sun yi santsi. Kakanta ne ya zo da su daga Tarabulus ta hanyar Bilma. Ni ce mai nacin sai an yi mana tatsuniyarsu.

"To ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji ta. Wai a ƙarƙashin teku, cikin kogon dutse inda rana ba ta kaiwa, akwai wasu fararen halittu ƙanana kamar ƙwayar gero. Igiyar ruwa ta hana su sakat, sai uwarsu ta gina ɗan jan ɗaki ta manna shi a jikin dutse. 'Ya'ya suka gina a kan nata, jikoki a kan nasu, har ginin ya yi rassa. "Kafin ya kai tsawon yatsa, yarinya ta yi jika. Shi ya sa ba a wasa da shi, Hadiza. Mai rai ne."

Wata rana a lakwal, makarantar boko, mushe, wato malaminmu, ya ce mu kawo sunayen abubuwa masu rai. Na ɗaga hannu har da miƙewa, na ce murjani. Ya yi dariya, aji ya ɗauka, ya ce ai dutse ne. Na dawo gida a fusace, a gaban ƙannena na ce, "Kaka, ke da ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, me kika sani a kan teku?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta tura murjanin cikin riga, ta gyara itacen wuta. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyin kura da dila, amma ta murjani ba ta sake yin ta ba. Ni kuma girman kai ya hana ni roƙo.

Sai da na je karatu Damagaram na ga hoton murjani a littafi: jan reshe a kogon Bahar Rum, lulluɓe da fararen halittu masu hannu takwas. Dabba ce, abin da muke ratayawa gininta ne. Lokacin Kaka ta riga ta rasu. Na yi kuka, don ban san inda zan kai haƙurin da nake son ba ta ba.

Murjanin yana wuyana yanzu. Jiya 'yata ta shafa shi ta ce, "Mama, wannan dutse ne?"

Na ce mata ta ɗauko tabarma.